Ƙafata Ta Shiga Lissafi, Ƴaƴana Ba Su Shiga Ba

Ranar da na tabbata Garba ba zai dawo ba, ina zaune ne a bakin wata kasuwa a Dakar, riƙe da igiyar da na ɗaure kayana da ita. Jakunkunan fata, da takalma, da matasan kai masu ado, da kuben wuƙa, aikin hannuna na fiye da shekara, duk ya ɗora wa ɗan dako, ya ce zai kai wa wani Nasara ya duba, in jira shi a nan. Na jira har masu kifi suka kwashe kayansu. Wata mata mai sayar da shinkafa ta dube ni, ta dubi igiyar, ta zuba mini abinci a kwano. Daga irin kallon da ta yi mini na gane ba ni ne na farko ba.

Sunana Habu. Baduku ne ni, ɗan baduku, daga Birni a Damagaram. Garba kuwa dillali ne da na haɗu da shi a Ikko, shi ya ce mini a Dakar matuƙan jirgi suna sayen aikin fata ba tare da ciniki ba. Wannan ya faru ƴan shekaru kafin mulkin kai. Na bar matata Zuwaira da yara uku a gidan yayana Mutari, na ce musu kafin a yi shuka na dawo. Komawa hannu wofi shi ne abin da na kasa. Na san yadda za a tarbe ni a rumfar dukawa. Ba wanda zai yi dariya, kowa zai ce Allah ya mayar da alheri, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

Sai na koma zagaye a tashar jiragen ruwa. Ina da ɗan Faransancin kasuwa da na koya wajen ciniki da sojojin bariki a gida, da shi na yi ta roƙon aiki har wani jirgin kaya ya ɗauke ni wankin tukwane. Ban tambayi inda za shi ba sai da ƙasa ta ɓace. Teku ta juya mini hanji, na yi amai har na zaci ajali ne. Ina tayar da sallah ina fuskantar gabas, kafin in yi sallama jirgi ya karkata, rana ta koma bayan kunnena. Kukun jirgin mutum ne mai zagi tun safe, amma duk ranar da aka dafa alade sai in tarar ya rufe mini kifi a wani kwano dabam.

A Marsai ta ƙasar Faransa aka sallame ni, cikin sanyi. Sanyin gida a fata yake tsayawa, wannan kuwa har cikin haƙori yake shiga. Na kwana a rumfar ajiye kaya tare da wasu baƙaƙen fata har wani tsohon soja ɗan Senegal ya ji tausayina, ya nuna mini wurare biyu: gidan matsar mai inda ake neman ƴan dako, da kantin wata tsohuwa, Madam Rozin, mai ɗan ɗaki na haya a bayan kantin. Madam ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta ce ba giya, ba baƙi, ba girki a ɗaki. Na ce na yarda. Ba ta iya faɗin sunana daidai ba, Abu take ce mini har muka rabu.

Ranar farko da na isa gidan matsar man, ƙamshi ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Gyaɗa ce. Buhuna tsibi-tsibi har rufi. Na ɗebi ƴan ƙwayoyi na duba, ƙanana masu jan ɓawo irin na wajen Garagumsa. Ba zan rantse daga can suka fito ba, amma zuciyata ta riga ta yanke hukunci. Na jefa a baki, sai ga hawaye. Daga baya na ga tunkuzar da ke saura in an matse mai, wadda matanmu ke yin ƙuli-ƙuli da ita, shanu suke ba wa. Nakan cika aljihu da ita in ci a hanya, abokan aiki suna yi mini kukan saniya.

Da aka yi biyan farko na ga kuɗin bai kai yadda shef, wato shugaban aikinmu, ya faɗa mini ba. Ciwon Garba bai warke ba, nan da nan jini ya hau mini ka. Na nufi buro, wato ofishinsu, ina huci. Wanda ya riƙe mini hannu shi ne Anjelo, wani gajere mai faɗin ƙirji da muke ɗaukar buhu tare, ɗan asalin Italiya amma haihuwar Marsai.

"Ina za ka, kamarad?"

"An cuce ni."

Ya duba takardar biyan, ya yi dariya. "Ba cuta ba ce. Kes ne ya ɗauki nasa."

"Wane ne Kes? Nuna mini shi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kes ba mutum ba ne, asusu ne na ƙasa duka. Ana cire wa kowane ma'aikaci kaɗan, mai gidan aiki ya zuba fiye da haka. Wanda ya yi rashin lafiya a yi masa magani, wanda ya tsufa a ba shi na abinci, mai yara kuma a ba shi wani abu duk wata, shi suke kira alokasiyo.

"Wa ke riƙe da mabuɗin?" na tambaye shi.

"Mu duka."

"A garinmu in kowa yana da mabuɗi, kafin gari ya waye an share wurin."

Ban yarda da shi ba, kuma ina da dalili. Muna yara kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya sa kowane ƙauye ya zuba hatsi a rumbun tsimi don shekarar yunwa. Kawuna na Guna ya zuba gero mai kyau, ranar da aka buɗe rumbu aka auna masa wanda ƙwari suka gama da shi. Tun daga nan na san abin da ya shiga hannun hukuma ya tafi ke nan. Amma maganar ta ƙi fita daga raina. A ce mutumin da bai san ka ba, ba danginka ba, ba unguwarku ɗaya ba, a cire masa a ba ɗanka, shi kuma ya yarda? Na shiga tambayar duk wanda na samu.

Wanzamin unguwa ya ce abu ne mai kyau, amma malalata sun yi yawa. Na ce su wa? Ya ce duk wanda ba ya zuwa aski wajensa, ya yi dariya. Mai kawo madara ya ce kafin a yi kes uwarsa ta mutu da tari a gida don babu na likita, kada in sake in zagi kes a gabansa. Shef ɗinmu ya ce in ci gaba da ɗaukar buhu.

Madam Rozin ce ba ta ɓoye nata ba. Mijinta ya mutu a yaƙi, ba ta taɓa haihuwa ba, ita ma ana karɓa a wajenta saboda kanti.

"Abu, dube ni," ta ce, tana goge ma'auni. "Ni ke buɗe kantin nan, ni ke rufewa. Ban haifi kowa ba, amma ina ciyar da ƴaƴan unguwa kaf. Abokinka Anjelo yara shida gare shi. Ya shawarce ni kafin ya haife su?"

A kantinta kuwa matar Anjelo ke sayayya, shi ma yakan biyo ran Lahadi. Lokacin zaɓe ya matso, an lilliƙa takardu a bango, kowane gidan shan kofi ana ta hayaniya. In suka haɗu su biyu sai in samu kujera in zauna kallo. Ta ce masa ɓarawon gwauraye, ya ce mata mai auna gishiri da ƙwaya, sannan ta naɗe masa cuku ya biya ya tafi. A gida an fara jefa ƙuri'a a lokacin, amma mu dai mun san mutum ake zaɓe. Ban taɓa jin an tambayi mai biyan harajin lampo yadda yake so a raba abin da aka karɓa ba. Su kuwa a nan kowa yana zagin gwamnati da rana tsaka, kuma kowa ya ɗauka kuɗin nasa ne.

Wata Lahadi Madam ta juyo kaina ta ce, "Ku a ƙasarku yaya kuke yi da matalauta?"

Na ba su labarin zakka, yadda manomi ke fitar da rabon mabuƙata tun hatsi yana gona, da yadda maƙwabci ba ya cin tuwo yana jin kukan yaran maƙwabcinsa.

"Wa ke zuwa karɓa?" in ji Madam.

"Kai da kanka kake bayarwa. Allah yana gani."

"Ka ji mutanen kirki," ta ce da Anjelo. "Na san wanda na ba, ya san wanda ya ba shi."

Anjelo ya ce, "In mai dukiyar ya ƙi fa?"

"Zai gamu da Ubangijinsa."

"To, kafin su gamu, yaran me za su ci?"

Ni dai na san masu hali a Birni da ba a taɓa ganin zakkarsu ba, na kuma san waɗanda ke bayarwa har su rasa na kansu.

Ana nan, wata safiya muna jera buhuna sai tsibin ya zame. Na ji ƙarar ƙashina kafin in ji zafin. Na farka a gidan likita, an ɗaure mini ƙafar dama cikin wani farin abu mai tauri kamar tukunya. Gado mai farin zane, abinci ana kawowa har gabana. Maimakon in ji daɗi sai tsoro ya kama ni. Na ce wannan gadon kaɗai ya isa ya cinye aikin shekara. Da na ga ba kowa sai na lallaɓa na sauko, ina jan ƙafa ina bin bango, niyyata in gudu. A bakin matakala wata mai jinya ta cafke ni, ta mayar da ni tana faɗa kamar ta kama ɗan akuya a gona.

Da Anjelo ya zo dubiya ta kai masa ƙarata. Ya zauna a bakin gado ya ce ba wanda zai tambaye ni ko tamma, kuma za a riƙa ba ni wani abu daga albashina har in warke.

"To wa zan yi wa godiya?"

"Ba kowa."

"Ba ya yiwuwa. Mutum ya yi maka alheri ka ƙi gode masa?"

"Ba alheri ba ne, haƙƙinka ne. Daɗinsa ke nan, kamarad. Ubana ya tsufa yana cire hula yana sunkuyawa don a ba shi abin da guminsa ya samo. Ni ba na cire wa kowa hula."

Na kwanta ina juya maganar. Rabin zuciyata ya ji daɗi, rabi kuma ya ji wani irin kaɗaici. A gida da ƙafata ta karye, da an kira maɗori, da gidanmu ya cika da ƴan dubiya, kowa da ɗan kwanon fura, kuma da na san fuskar kowa. A nan an yi mini fiye da haka, amma ban san wanda zan sa a addu'a ba. Sai na riƙa cewa Allah ya saka wa duk wanda kuɗinsa ya shiga ƙafar nan, har da Madam.

Bayan an sallame ni ina dogara sanda, na gamu da wani matuƙi ɗan wajen Gure, ya ce mini daminar bara ba ta yi kyau a Damagaram ba, gero ya yi tsada. Hankalina ya tashi. Yayana Mutari yana da nasa iyalin, ga nawa na ɗora masa, ga abin da nake aikawa ya ragu. Sai alokasiyo ta faɗo mini a rai. Ni ma ai uban yara ne, kuma ana cire mini kamar kowa.

Na tari Anjelo da maganar a kantin Madam, ina tsammanin zai yi tsalle. Sai na ga ya sosa ƙeya.

"Wannan kuma dabam ne," ya ce. "Yaran ba nan suke ba."

"Amma ni ina nan. Buhun da kake ɗauka shi nake ɗauka."

"Na sani. Amma ka duba, in aka ce duk yaran Afirka za a sa, kes ɗin fashewa zai yi. Ku kuna auren mata huɗu, yara ba iyaka."

"Mata ɗaya gare ni, yara uku. Kai shida."

Fuskarsa ta yi ja. Madam ta ajiye wuƙar cuku.

"An cire masa ko ba a cire masa ba?" ta tambayi Anjelo.

"An cire."

"To kai da bakinka ka ce na kowa ne. Ashe kowa ɗin a bakin teku ya tsaya."

Washegari ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta rufe kanti da hantsi. Ta sa baƙar hularta ta zuwa coci, ta ce in biyo ta. Muka shiga buron kes ɗin, muka bi layi. Ma'aikacin da ke bayan taga mutum ne mai ladabi. Ya saurare mu ya ce ya yi haƙuri, doka ce, yaran da ba su zaune a ƙasar ba sa cikin lissafi.

Madam ta daki katakon tagar da tafin hannu. "Mijina ya mutu a rami ɗaya da irin su Abu. Ranar da aka ɗebo su yaƙi an tambayi inda uwayensu ke zaune?"

Wani daga bayan layi ya ce tsohuwar ta yi gaskiya, wani ya ce in ba su gamsu ba su koma garinsu. Ma'aikacin ya ce ba shi ya rubuta dokar ba, masu zaɓe su ne ke aika masu rubutawa. Muka fito ba mu samu komai ba.

A hanya tana tafe tana haki, ni ina bin ta da sanda. Na ce, "Madam, ashe kin koma son kes."

"Allah ya kiyaye. Gobe aka yi zaɓe, wanda zai rage shi zan zaɓa. Amma wanda ya miƙa hannu ya karɓa, ya miƙa ya bayar."

Anjelo ya daɗe bai zo kanti ba. Da ƙafata ta warke na koma aiki, ta warke da ɗingishi, sai aka mayar da ni ɗinkin buhunan da suka yage, aikin da ya fi dacewa da hannuna. Ni da Anjelo muna gaisawa sama-sama. Na daɗe a haka har na tara abin da zan iya shiga gida da shi ba kunya. Ana saura kaɗan in tashi ya same ni a wajen ɗinki. Ya ce ya kai maganata taron sandika, ƙungiyarsu ta ma'aikata. Wasu sun tafa, wasu sun ce ba yanzu ba.

"Na ɗaga hannu," ya ce. "Ba mu yi rinjaye ba."

Ya miƙo mini ƙunshi. Takalman yaransa ne da suka yi musu kaɗan. Na dubi ɗinkin, na ga ko almajirin baduku ba zai yi irinsa ba, amma na karɓa da hannu biyu.

Na iso gida ta Kwatano, a bayan kamyo, babbar motar kaya, ana ta shirin mulkin kai. Autata ta ɓuya a bayan uwarta, ba ta san ni ba. Yaran duk suna nan da ƙoshin lafiya, Yaya Mutari kuwa ya rame, furfura ta cika masa gemu.

Da na koma rumfar dukawa, bakina bai huta da labarin kes ba, har na shawo kansu muka yi namu. Duk Juma'a kowa ya kawo ɗan abin da aka yanka, a ajiye wajen dattijon rumfa, wanda ciwo ya kwantar a ba shi. Yaya Mutari ya shiga ne don kada a ce ya ƙi ƙanensa.

"Shekarun da ba ka nan," ya ce mini, "wane asusu ne ya ciyar da ƴaƴanka?"

Na sunkuyar da kai.

Wanda ciwo ya fara kwantarwa shi ne Malam Inuwa, wani Bakano da ya zo sayar da jemammiyar fata ya zauna tare da mu, iyalinsa suna Kano. Basilla ta soke shi a tafin hannu, hannun ya kumbura har gwiwa. Bai taɓa fashin zubi ba. Aka taru a rumfa. Wani ya ce baƙo ne, yana warkewa zai tattara ya tsallaka iyaka. Wani ya ce an yi abin ne don ƴan gida. Na miƙe na yi magana har muryata ta dushe. Dattijon rumfa ya ce to, tun da zamanin ƙuri'a ne, a ɗaga hannu. Aka ɗaga. Masu a'a suka fi yawa, kuma hannun Yaya Mutari yana cikinsu. Ranar ban ci tuwon gidansa ba.

Da safe na ɗauki ɗan abin da nake da shi na nufi masaukin Malam Inuwa. Ina shan kwanar lungun sai na ga jaki a ƙofar gida, da damman gero a bayansa, da mutum yana kokawar kwance igiya. Yaya Mutari ne.

Na tsaya. "Yaya, ba jiya ka ce a'a ba?"

"Na ce. In an sake tambaya gobe, a'a zan ce." Bai ko dube ni ba. "Tsayuwa ka zo yi? Kama mini damin nan, bayana ba ya so."

Na jingine sandata a bango, na kama.